Sarƙar Malam Bunchuai

Saithong ta shekara arba'in tana ƙirar azurfa a unguwar Wualai, a shagon da ta gada wurin mahaifinta. Mutanen layin sun san ta da kwanonin da take yi wa zanen furanni, da 'yan kunne da awarwaron da baƙi ke saye. Akwai kuma wani aikin da ba ta bajewa a gilashi. Yana can aljihun tebur na ƙasa, cikin tsohon gwangwanin biskit: 'yan alamomin azurfa, kowace ba ta fi farcen babban yatsa ba, da allura a bayanta ta maƙalawa a wuyan riga.

Na 'yan Lahadi ne. Haka suke kiran kansu, don ran Lahadin farko na kowane wata suke haɗuwa da rana, a saman wani gidan abinci kusa da tsohuwar ganuwa. Manyan mutane ne, da ma'aurata da marasa aure, waɗanda zamansu ya ginu a kan riƙo da bi: ɗaya ya ba da umarni, ɗaya ya miƙa wuya, da yardar juna da sharuɗɗan da suka shimfiɗa wa kansu. Wasu da igiya suke yi, wasu da bulala, wasu kuwa magana kawai ta ishe su. In sun sauko ƙasa, ma'aikatan banki ne da direbobi da masu sayar da taya, kuma ba mai son maƙwabcinsa ya sani.

Shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin ba su fi su goma sha biyu ba, wata baƙuwa ta daka wa mijin wata mata tsawa, wai ya kawo mata ruwa, har aka kusa ba hammata iska. Ran nan aka ce Saithong ta ƙera abin da zai nuna matsayin kowa ba sai an tambaya ba. A bayan takardar jerin abinci ta zana guda huɗu. Mabuɗi na mai riƙo ne. Rufaffen zobe na mai bi ne da yake da mai shi, ba a jansa da wasa sai an nemi izini. In zoben bakinsa a buɗe yake, to mai bi ne da ba shi da kowa. Sai ganye, na wanda ya zo kallo kawai, a ƙyale shi ya sha shayinsa. Ita kanta ta sa mabuɗi shekara goma sha ɗaya, sannan ta gaji ta koma ganye.

Yanzu sun haura mutum ɗari, kuma matasa sun fi yawa. Wata takwas ke nan ana zama a kan sabunta alamomin, kowane zama kuma sai an ce Gwaggo Saithong ta zo, tunda ita ta fara. Takan je ta zauna kusa da fanka, ta dawo gida da ciwon kai.

Wata Talata da hantsi, ana yayyafi, Malam Bunchuai ya leƙo shagon.

"Maƙeriya, aiki ake yi ko gyangyaɗi?"

"Ina cikin zaɓa ka shigo. Malam, jingine laimar nan a waje, tana ɗiga mini a kan kaya."

Tsohon malamin sakandare ne, ya koyar da labarin ƙasa shekara talatin da biyar kafin ya yi ritaya. Dogo ne siriri, kullum maɓallan rigarsa a rufe har wuya. Matarsa Wilawan ta yi shugabar malaman jinya, 'yar ƙaramar mace da ba ta ɗaga murya. A gaban 'yarsu da dangi, mata da miji ne kamar kowa. A saman gidan abinci kuwa "Uwar ɗakina" yake ce mata, kuma ba ya zama sai ta nuna masa wuri da ido. Wata goma ke nan da rasuwarta.

Saithong ta zuba masa shayi. Ya riƙe kofin har ya huce bai kai baki ba. Can ya ajiye, ya buɗe maɓallin sama. Siririyar sarƙar azurfa ta bayyana, da ɗan mitsitsin kwado a ramin maƙogwaronsa. Ta gane aikinta. Shekara goma sha bakwai ke nan da Wilawan ta zo da zare ta ce ga awon wuyan.

"Hannuna na hagu ne yake mutuwa," in ji shi. "Likita ya ce ran Juma'a za a tura ni cikin na'urar nan mai ɗaukar hoton ƙashi. Ba a shiga da ƙarfe. Yarinyar da ke rubuta suna ta ce in sarƙar ba ta fita, suna da almakashin da zai datse ta."

"Ina mabuɗin?"

"Yana wurin Uwar ɗakina."

Saithong ta cire tabarau ta dube shi.

"Ni na sa mata a hannu, kafin a rufe akwatin a kai ta wurin ƙona gawa. Ba wanda ya gani." Ya ɗan yi murmushi. "A lokacin ban kawo zancen likita a raina ba."

Saithong ta mayar da tabaraunta. Ta ɗauko siririn tsinken ƙarfe, ta lanƙwasa bakinsa da awartaki. Ya tambaya ko ya durƙusa, don a durƙushe aka sa masa. Ta ce gwiwarsa da bayanta duka ba za su ɗauka ba, ya zauna a kujera ya fuskanci taga ya ɗaga haɓa.

Aikin da dā take yi cikin ƙiftawar ido, sai da ya ci mata kusan rabin awa. Sabulu da gumi sun daskare a ramin kwadon, ga idonta ya fara hazo. Ta ɗiga mai, ta jira, ta sake gwadawa. Tana jin numfashinsa a bayan hannunta.

"Kar ki yi sauri," in ji shi.

"Ko na so, idona ba zai bari ba."

Da kwadon ya buɗe, ƙarar ba ta kai ta ƙyasta ashana ba. Sarƙar ta zame ta faɗa cinyarsa. Wani farin layi ya zagaye wuyan, inda rana ba ta taɓa gani ba. Malam Bunchuai ya kai hannu ya dafe wurin, ya ce akwai sanyi yau. Ta tashi ta kashe fanka.

Ta sa sarƙar a ambulan ta miƙa masa, ya ƙi karɓa. Ya ce ta ajiye masa tukuna, bai san inda zai sa ta a gidan ba.

"Da sauran magana ɗaya," in ji shi, bayan ya rufe maɓallinsa. "Kin san ban fasa zuwa Lahadi ba. Can ne kaɗai aka san ko mu su waye, ni da ita. To in na sa rufaffen zobe, sai wani sabon yaro ya zo da ladabinsa ya ce, Kawu, wa zan nemi izini kafin in zauna kusa da kai? Sai in ce ta rasu. Ya yi ta ba ni haƙuri, ni ma in yi ta ba shi. Kowane wata sai na sanar da mutuwar nan sau uku."

"Ka gwada buɗaɗɗen?"

"Sau ɗaya. Wata baiwar kirki ta zo ta tambaye ni ko ina neman mai riƙo. Ba ta faɗi komai na rashin kunya ba. Ni dai na tsinci kaina a bakin titi, sanye da takalmin wani."

Saithong ta yi dariya ba ta shirya ba. Shi ma ya yi kaɗan.

"Ga ganye," ta ce. "Ni ina jin daɗinsa."

"Ke kin sauka ne da kanki. Ni ba ɗan kallo ba ne, Saithong. Har gobe ƙarfe bakwai nake shan magani don ita ta ce bakwai. Ba na zama a kujerarta. Ki yi mini wata alamar, wadda za ta faɗi abin da nake, in huta da bayani."

Kwana huɗu tana zane a bayan kalanda. Ta yi zobe da ɗigo a ƙasa, ya yi mata kama da hawaye, ta soke. Ta yi zobe da mabuɗi a kwance a ciki, ta tuna inda mabuɗin yake, ta soke wannan ma. Lokacin da ta zana huɗun farko tana da shekara arba'in da biyu, kuma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa cikin su goma sha biyun nan wani zai mutu ya bar wani ba. Ran Lahadi ta tafi taro da takarda ba komai a kai.

Thanwa ne ke jan zaman. Ɗan shekara talatin da 'yan kai ne, aikinsa zanen tallace-tallace a kwamfuta, kuma ya kafe babban allo a bango mai gida ashirin da shida, kowane gida da alamarsa da launinsa. Akwai ta masu igiya, da ta masu sauya matsayi, da ta wanda yau ba ya son a taɓa shi ko a kafaɗa, da wasu da Saithong ba ta riƙe ba. Mutum kamar talatin suna zaune a kan tabarmi, kwanonin taliya da miyar kwakwa a gabansu. Malam Bunchuai yana can gefe, babu komai a wuyan rigarsa.

Da izininsa ta faɗi buƙatar a taƙaice. Nan take kowa ya samu abin cewa.

"Mai sauƙi ne, Gwaggo," in ji Thanwa. "Gida na ashirin da bakwai. Baƙin zobe."

"Baƙi ka riga ka ba masu kayan fata," in ji Jiraphat, mai shagon magani, wadda ta shekara goma sha biyar da mabuɗi a riga kuma ba ta iya tauna magana ba. "Kai ko allonka ba ka karantawa? So kake a zo ana tambayar Malam ina ya ajiye wandon fatarsa?"

Aka yi dariya. Wani ya ce to a yi fari. Aka ce fari na sababbin shiga ne. Wata ta ɗaga hannu ta ce ita mai riƙonta bai mutu ba, ya dai koma Bangkok ya daina ɗaga waya, shin alamar za ta haɗa da ita? Wani ya ce in za a yi wa mai bi, dole a yi wa mai riƙon da nasa ya mutu, ke nan ashirin da takwas. Wani saurayi mai aski a gefe ɗaya ya ce a yi karyayyen zobe, kowa zai gane.

"Ba ta karya komai ba," in ji Malam Bunchuai. Shi ne karo na farko da ya yi magana. "Mutuwa ta yi."

Saurayin ya haɗa tafin hannu ya ba da haƙuri, kunnuwansa sun yi ja. Daga nan muryoyi suka yi ƙasa, amma maganar ba ta ƙare ba. Bayan awa guda aka amince a kafa kwamitin mutum biyar, su kawo shawara wata mai zuwa. Saithong ta duba gefe, ta ga Malam ya riga ya sauka.

Ta buɗe jakarta ta fito da gwangwanin biskit, da mazuban da take zuba azurfar a ciki, ta ajiye a gaban Thanwa. Ta ce akwai maƙera uku a layinsu masu ido da hannu, ta rubuta masa sunan wanda ba ya surutu. Ta tashi.

A kan matakala Thanwa ya cim mata, tana neman takalminta.

"Gwaggo, fushi kika yi."

"Gajiya na yi, ɗana. Ba ɗaya ba ne."

"Na san allon nan yana ba ki dariya. Amma bara wata ta zo da buɗaɗɗen zobe, wani ya ɗauka an ba shi izinin komai, ya kama ta a wuya a gaban mutane. Mun kore shi, ita ma ba ta sake dawowa ba. Lokacinku kowa ya san kowa. Mu ba mu san juna ba."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ba ta ji wannan labarin ba, ko kuma an faɗa a ɗaya daga cikin zaman da ta yi gyangyaɗi.

"Ka yi gaskiya," ta ce. "Huɗu ba su isa ba. Ashirin da shidan ma ina shakka. Ku dai ci gaba."

Ran Laraba Malam Bunchuai ya dawo shagon, wuyansa naɗe cikin wani farin abu mai kauri kamar soso, wanda ya tokare masa haɓa. In zai dubi gefe sai ya juya gaba ɗaya.

"Ashe ka samu sabon mai riƙo," in ji Saithong.

"Likita. Ƙashin wuya ne ya goge yana danne jijiya. Ba sai an yi aiki ba. Sati shida zan sa wannan, kuma akwai wata mai gasa ƙashi da ke sa ni ɗaga hannu sau ashirin. Ba ta kai Uwar ɗakina iya umarni ba, tana cika cewa don Allah."

Ya zauna. Ya tambayi ambulan, ta ɗauko. Ya zazzage sarƙar a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallonta.

"In an cire mini wannan, sai a mayar," in ji shi.

"Wa zai mayar?"

"Ke kika buɗe."

Tun ran Talatar nan ta san za a zo nan, ta kuma yi fatan kar a zo. Ta ajiye magagarin da ke hannunta.

"Malam, buɗewa aikin maƙera ne. Rufewa ba shi ba ne. In na danna kwadon nan a wuyanka, kai ka san abin da na ɗauka, ni ma na sani."

"Ba zan dame ki ba. Ni mai sauƙin riƙo ne, kin sani."

"Na sani. Yaya Wilawan ta sha gaya mini. Amma ni shekara goma sha ɗaya ina kwana ina tashi da tunanin wani: ya ci, ya sha magani, na matsa da yawa, na sassauta da yawa. Mutane suna ganin mai mabuɗi shi ke hutawa. Ranar da na ajiye, barcin kwana biyu na yi. Yanzu ko kyanwa ba na so a ba ni ajiya."

Ya juya sarƙar a tafin hannunsa. Wata jar a-kori-kura ta tsaya a waje tana hon, ta gaji ta wuce.

"Zan iya cire kwadon in sa maka ƙugiya," ta ce. "Ka riƙa sawa da kanka."

"Sarƙar da mutum ya sa wa kansa ai ado ce."

Ya mayar da ita ambulan, ya ninke bakin sau biyu, ya sa a aljihun gaba. Ta ga ransa ya sosu, ta kuma ga yana ƙoƙarin kar ta gani. Sai ta jawo aljihun tebur ta ɗauko abin da ta ƙera jiya, ba don ya gamsar da ita ba, sai don hannunta ya ƙi zama. Rufaffen zobe ne irin na dā, amma ta cike tsakiyarsa da azurfa, ya zama ɗan faifai, ba zane ba rubutu.

Ya juya shi gaba da baya. "Me yake nufi?"

"Ban sani ba. Abin da ya fito ke nan."

"Ba wanda zai gane."

"To sai su tambayi wani, ba kai ba."

Haka kuwa aka yi. A taron Lahadi na gaba ya maƙala shi. Sababbin shiga suka duba allo ba su gan shi ba, suka je wurin Jiraphat, ita kuma ta ja su gefe ta gaya musu cikin kalma biyar. Wasu suka zo suka gaishe shi suka wuce. Ɗaya ta kawo masa shayi ta zauna kusa da shi. Jiraphat ce ta ba Saithong labari, don ita ba ta je ba. Kwamitin mutum biyar kuwa sun zauna sau biyu, suka rabu a kan ko a sa faifan a allo ko a bar shi.

Sau uku ya sa shi. Da damina ta ɗauke, 'yarsa ta zo ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai da hannu ɗaya ba, ta kwashe shi zuwa gidanta a Lampang. Ya biyo ta shago sallama, 'yar tana jira a mota, don haka ba su yi wata magana ba sai ta hanya da ta lafiya.

Bayan wata biyu, da safe tana share ƙofar shago, wayarta ta yi ƙara.

"Maƙeriya, ni ne. Sarƙar nan ta yi baƙi a cikin ambulan."

"Haka azurfa take in ba a sawa. Ka samu tsumma mai laushi da ɗan man goge baki, ka murza a hankali, ka ɗauraye, ka shanya."

"To." Tana jin muryar talabijin a bayansa, da wani yana wanke kwanoni. "Kullum, ko sati-sati?"

"Duk lokacin da ka ga dama, Malam."

Bai kashe wayar ba. Saithong ta jingine tsintsiya a bango. Ta dubi titi, inda mai sayar da soyayyar ayaba ke hura wuta. Bayanta yana ciwo, ga aikin kwano shida na jiran ta kafin ƙarshen wata.

"Ran Asabar," ta ce. "Da safe, kafin ka karya. Sau ɗaya a sati, kar ka ƙara."

"To," in ji Malam Bunchuai. "Ran Asabar."